Gyara da Riƙon Amana: Darasin Ƙaramin Inji a Garuruwan Yuraniyom

Gabatarwa

A al'adar yabo, ta Hausawa da ta sauran al'ummomi, wanda ya kafa gari, ko ya haƙa rijiya, ko ya tada gini, shi ake tunawa da shi, shi ake yi wa kirari. Wanda kuwa ya yi shekara talatin yana yashe rijiyar duk rani, ko yana yaɓe ginin kafin saukar damina, da wuya a riƙe sunansa. Ranar buɗe sabon abu akwai kiɗa da jawabi da yanka ƙyalle. Ranar share shi da ɗiga masa mai babu kowa sai mai aikin da tsummansa. Wannan bambanci ya haifar da tambayar da ta cancanci malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya a kanta. Shin kula da abin da wani ya riga ya ƙera aikin hannu ne kawai na ƙananan ma'aikata, ko kuwa wajibi ne na ɗabi'a da ke hawa kan duk wanda ya ce abin nasa ne? Idan wajibi ne, me ake bukata kafin a iya sauke shi, kuma wa za a tuhuma idan ba a sauke ba?

Tambaya mai faɗi irin wannan ta fi sauƙin kamawa idan aka ɗora ta a kan ƙaramin abu da hannu zai iya riƙewa. Abin da aka ɗauka a nan shi ne injin lantarkin da ke tuƙa kan jirgin ƙasa na wasa, wanda girmansa bai wuce babban yatsa ba. Wurin da za a auna darasinsa kuwa shi ne Arlit da Akokan, garuruwan haƙar yuraniyom na jihar Agadas. Mai karatu na iya cewa haɗin bai yi ba, tunda layin dogo bai taɓa zuwa Arlit ba, yaron da aka haifa a can bai san jirgin ƙasa ba sai a hoto, ko a talabijin, ko na roba mai batir da ake kawowa kasuwa. Gaskiya ne. Sai dai Arlit gari ne da inji ya haifa, inji ya rena, makomarsa kuma ta rataya a kan wannan tambaya ta kulawa. Abin da ido ba zai iya kewayewa ba a cikin ma'adinai da masana'anta, yana iya ganinsa dalla-dalla a cikin abin da ya kwanta a tafin hannu.

Jirgin da ya fara da wasa

Bai kamata a raina jirgin wasa ba, domin a fagen lantarki ya girmi na gaske. A shekarar 1821 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa wutar lantarki da maganaɗisu za su iya sa waya ta riƙa kewayawa. A 1834 wani maƙeri na jihar Vermont a Amurka, Thomas Davenport, ya haɗa inji mai juyawa da ƙarfin batir, ya kuma sami takardar mallakar fasaharsa a 1837. Daga cikin abubuwan da ya nuna wa jama'a akwai ɗan ƙaramin jirgi mai kewaya zagayayyen layi. Sai a 1879 kamfanin Siemens ya fito da jirgin lantarki mai ɗaukar mutane a wani baje koli a birnin Berlin.

Daga baya ƙera ƙananan jirage ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda kamfanoni irin su Märklin a Jamus, da Lionel a Amurka, da Hornby a Ingila, da Jouef a Faransa suka shahara da ita. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman kowane abu sau 87, faɗin layin ya zama milimita 16.5, mafi yawansu kuma suna aiki da wutar da ba ta wuce bolt 12 ba. Akwai kawunan jirage da aka ƙera tun shekarun 1950 waɗanda har yanzu suke gudu a hannun jikokin masu su, akwai kuma sababbi da suka mutu kafin su cika shekara. Yawanci bambancin na kulawa ne.

Ko da jirgin baƙo ne a Arlit, injinsa ba baƙo ba ne. Shi ne a cikin tsohuwar rediyo mai kaset, da fanka mai batir, da motar wasan yara. Manyan ƴan'uwansa su ne ke tada injin mota, suke kaɗa abin share gilashinta. Yaran da ke ƙera motoci da waya da gwangwani, a Agadas kamar a Maraɗi da Damagaram, sukan ciro shi daga mataccen kaset su ɗaura wa ƙirarsu. Duk abin da za a faɗa game da injin jirgin ya shafi waɗannan.

Abin da ke ciki

Idan aka cire murfin kan jirgin, abubuwa huɗu ne ginshiƙan injin. Na farko maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, wanda yake kafe ba ya motsi. Na biyu dunƙulen ƙarfe mai juyawa a kan siririyar sanda, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe mai shafaffen rufi, galibi naɗi uku ko biyar. Na uku zoben jan ƙarfe a jikin sandar, wanda aka rarraba gida-gida da ƴan tsage-tsage a tsakani, kowane gida haɗe da naɗin waya. Na huɗu ƴan guntayen gawayi biyu, waɗanda masu gyara a Nijar suke kira sharbon, a Nijeriya kuma burushi, da sifirin ke danna su a jikin zoben.

Wuta na tahowa daga layin dogon ta hau ƙafafun jirgin, ta bi ta gawayin ta shiga zoben, ta zaga naɗin wayar. Da ta zaga sai naɗin ya zama maganaɗisu shi ma, wanda ke kafe ya ja shi ta wani gefe, ya ture shi ta wani. Kafin ya kai inda zai tsaya, zoben ya juya, gawayin ya koma kan wani gida, wutar ta sauya hanya, ja da turin su dawo sababbi. Haka sandar ke juyawa sau dubbai a cikin minti ɗaya, ƴan haƙoran giya kuma su kai juyin ga ƙafafu.

Abin lura shi ne, rayuwar injin duka ta dogara a kan wurin da gawayi ke gugar jan ƙarfe, wurin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Gugar nan ita ke ba shi rai, ita kuma ke cinye shi a hankali. Wanda ya ƙera injin ya san da haka, shi ya sa ya yi gawayin da taushi domin shi ya ƙare, zoben ya tsira. Ke nan tun ranar ƙira aka ajiye gurbin mai gyara. Ƙira ba ta kammala a masana'anta. Rabinta ne aka yi a can, aka bar sauran amana ga wanda abin zai shiga hannunsa.

Abin da ke kashe shi

Da wuya irin wannan inji ya mutu da babbar karaya. Ƙananan abubuwa ne ke taruwa. Datti ya hau layi da ƙafafu, wuta ta riƙa yankewa. Garin gawayi ya cika tsage-tsagen zoben, ya haɗa gidajen da ya kamata su rabu, wuta ta bi gajeriyar hanya, injin ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Tsohon giris ya daskare ya riƙe haƙoran giya. Zare da gashi su naɗe sandar ƙafafu. Maganaɗisun kuma ya jawo duk wani burbushin ƙarfe da ke kusa. A gari irin Arlit, inda iskar hunturu ke shigar da rairayi ta kowace kafa, akwai ƙarin maƙiyi: rairayi idan ya haɗu da mai yakan zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya riƙa cin ƙarfe.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Inji mai juyawa yana haifar da wata wuta ta kansa wadda ke tunkarar wadda ake ba shi, ita ke rage yawan abin da yake sha. Idan wani abu ya riƙe shi ya kasa juyawa, wannan kariya ta tafi, sai ya sha wuta fiye da ƙima, wayar ta ɗauki zafi, rufinta ya ƙone. Saboda haka wanda ya ga jirgi ya cije, maimakon ya ɗaga shi ya duba sai ya ƙara masa wuta don ya tilasta shi, shi ne ke kashe shi da hannunsa. Injin kuwa ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi: yana rage gudu, yana ƙara, yana tartsatsi, yana wari. Laifin mai sakaci shi ne ya ji, ya gani, ya ce sai gobe. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ladubban mai gyara

Gyara mai kyau yana da ladubba, kowane ladabi kuma idan aka duba shi da kyau hali ne na mutum kafin ya zama dabara ta hannu.

Na farko shi ne bincike kafin kwancewa. Gwani yakan fara daga waje: ya goge layi, ya goge ƙafafu, ya taɓa musu batir mai bolt 9 ya ga ko za su juya. Sau da yawa cutar a nan take, ba a ma kai ga injin ba. Wanda ya yi gaggawar kwance komai ya yanke hukunci ne kafin ya saurari shaida.

Na biyu shi ne tsari. Ana jera abin da aka cire bi da bi a kan farin ƙyalle, domin sifirin gawayi ya fi gashi kauri da kaɗan, idan ya yi tsalle ya tafi ke nan. A wasu tsofaffin injuna ma, zare dunƙulen mai juyawa daga tsakiyar maganaɗisu yakan raunana maganaɗisun. Ba duk abin da za a iya kwancewa ne ya kamata a kwance ba.

Na uku shi ne ƙima. Ɗigon mai ɗaya a bakin allura ya ishi kowane wuri da sandar ke juyawa a ciki. Zoben da gawayin kuwa ba su son mai ko kaɗan, domin yakan jiƙa gawayin ya kwaɓa garinsa ya toshe tsage-tsagen. Injuna da yawa yawan mai ne ya kashe su, wato ƙauna marar sani. Alheri ma yana da mudu.

Na huɗu shi ne tausasawa. Ana goge zoben da tsumma mai ɗan alkol, a sakace tsage-tsagen da tsinken itace. Ba a sa wuƙa, ba a sa soson ƙarfe, domin wuƙa na kankare jan ƙarfe, burbushin soson kuma maganaɗisu zai kama shi ya riƙe. Wanda ya saɓa wannan shi ne ke yin abin da Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa, wato gyaran da ya fi ɓarnar muni. Karin maganar barkwancin maƙwabta ne kawai, domin duk wanda ya ga aikin maƙeran Abzin a kan azurfa da sirdin raƙumi ya san hannu mai taushi ba baƙonsu ba ne.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne faɗin gaskiya. Idan aka auna tsakanin gidajen zoben da na'urar awon wuta, ya kamata lissafin ya zo daidai da juna. Idan ɗaya ya saɓa, naɗin ya ƙone ko ya tsinke, sai dai a sake naɗi ko a sake inji. A nan ne ake gane mutum. Mai kayan ba ya ganin ciki. Da zarar an mayar da murfi, babu shaida. Mai gyara na iya ɗora tsohon gawayi ya ce sabo ne, yana iya cewa inji ya ƙone alhali datti ne kawai. Aikin da ake yi a inda ido ba ya kaiwa, ga mutumin da ba zai iya tantancewa ba, shi ne ainihin abin da ake kira amana.

Daga tafin hannu zuwa gari

Tarihin yuraniyom a Nijar ya fara ne da neman jan ƙarfe, wato ƙarfen nan da ake naɗa wayar inji da shi. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna nemansa a Azelik, wurin da masana tarihi da yawa ke ganin shi ne tsohuwar Takadda wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, sai suka ci karo da yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, garin Akokan ya girma a gefenta. A 1981 tashar SONICHAR ta Anu Araren, kusa da Cirozerin, ta fara ba su wuta daga kwal. A daidai wannan zamani aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda ake kira hanyar yuraniyom. Cikin ƴan shekaru aka tada gari biyu, da ma'adinai biyu, da tashar wuta, da kwalta a tsakiyar hamada, har aka riƙa kiran Arlit Paris ta biyu, laƙabin da Idrissou Mora-Kpaï ya sa wa fim ɗinsa na 2005.

Wannan ita ce ƙirar. Kulawar fa? A cikin shingen ma'adinai kulawa doka ce, tana da jadawali da ma'aikata da kasafi, domin tsayuwar inji asara ce da ake lissafawa awa-awa. Injunan Anu Araren ma ba su yi fiye da shekara 40 suna juyawa ba sai da hannun mutanen da ba a san sunayensu ba. A wajen shingen kuwa labari ya sha bamban. Hanyar yuraniyom ta farfashe har direbobi suka gwammace su sauka gefe su bi rairayi a wurare da yawa, sai da gyaranta ya shiga yarjejeniyar 2014 tsakanin gwamnati da kamfanin Areva, wanda ya yi alkawarin ba da yuro miliyan 90. Rami a kwalta kamar garin gawayi ne a tsagin zobe: ranar da ya fara, buhun tsakuwa ya ishe shi.

Labarin dogo ma darasi ne. Shekaru da yawa ana ɗaukar yuraniyom a manyan motoci kimanin kilomita 1,600 zuwa Paraku a ƙasar Benin, inda layi ya tsaya tun zamanin mulkin mallaka, daga nan jirgi ya kai shi tashar ruwa ta Kwatano. A Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a Janairun 2016 aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Rigimar shari'a a Benin ta tare hanyar haɗa shi da Paraku, layin kuma bai shiga jigilar yau da kullum ba. Jirgin da aikinsa ya tsaya a ranar biki bai bambanta da na wasa ba sai a tsada.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, ba sanin gyara aka rasa ba. An kula da abin da ke kawo riba nan take, an yi biki ga abin da ke kawo suna, an bar abin da amfaninsa na kowa ne, wanda saboda haka ya zama ba na kowa ba.

Inda gyara ya zama cuta

Amma Arlit ta koyar da wani abu da ya fi wannan zafi, wanda ke hana a ɗauki gyara a matsayin alheri tsantsa. Mutanen garin, kamar sauran mutanen Sahel, ba su saba zubar da ƙarfe ba. Tsohon bututu yakan zama ginshiƙin rumfa, faifan ƙarfe ya zama ƙofa ko rufi, wani guntun ya shiga maƙera ya fito kayan aikin gida. Wannan hali ne na yabo. Sai dai wasu daga cikin karafan da suka fito daga masana'antar sarrafa ma'adinin suna ɗauke da tiririn guba na nukiliya, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A Disambar 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, ta zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, ta sami irin waɗannan karafa a kasuwa. A Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna tiriri fiye da ƙima a wasu titunan Akokan. Bayan haka ne aka faɗaɗa aikin bin tituna da na'urar awo ana kwashe abin da ya gurɓata.

Maƙerin da ya sayi bututun nan bai saɓa ko ɗaya daga cikin ladubban sana'arsa ba. Ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya ga ƙarfe mai kyau. Abin da ya rasa shi ne sanin da yake hannun wasu. A nan amanar ta juyo: a teburin gyara mai kaya ne ba ya ganin ciki, a kasuwar Arlit kuwa mai gyara ne aka bari cikin duhu. Darasin shi ne, kulawa ba ta yiwuwa sai da sani, wanda kuma ya riƙe sanin da rayuwar wani ta dogara a kansa bai isar da shi ba, ya mayar da kyakkyawan halin mutane makamin cutar da su. Haƙƙin mai ƙira bai tsaya ga yin abu mai aiki ba. Ya haɗa da bayyana abin da ke cikinsa, da abin da za a taɓa, da abin da ba za a taɓa ba.

Wa zai yi askin?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Ta bar kimanin tan miliyan 20 na dusar ma'adinai jibge a fili, aka kuma ba da sanarwar shirin rufe ta da yumɓu da duwatsu, aikin da aka tsara zai ɗauki kimanin shekara goma. Sai dai a cikin dusar akwai radiyom, wanda rabin ƙarfinsa ba ya gushewa sai bayan shekara 1,600, da wani nau'in toriyom wanda nasa ke ɗaukar kimanin shekara 75,000. Babu kamfanin da ya taɓa yin wannan tsawon rai, babu daular da ta yi. Rufin da aka yi yau zai bukaci mai duba tsagewarsa bayan an manta da sunan wanda ya yi shi. Aikin haƙa na shekara 43 ne. Aikin kulawa ba shi da ranar ƙarewa da mutum zai iya hangowa.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, bayan takun saƙa da kamfanin Orano, wanda a da ake kira Areva, wanda kuma a lokacin yake riƙe da kimanin kashi 63 cikin 100 na hannun jari. Hukuncin wannan rigima na kotuna ne da ƴan siyasa. Abin da ya shafi ɗabi'a a ciki fuska biyu gare shi. Wanda ya ci moriya shekara hamsin, tafiyarsa ba ta sauke masa nauyin abin da ya bari. Wanda kuma ya ce abin ya zama nasa, ya karɓi ma'adinin ne haɗe da famfunansa da dusarsa da lafiyar maƙwabtansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wanda bai san inda ɗaki ke yoyo ba, takarda ce kawai ta ce nasa ne. Mallaka ba ta cika sai da kulawa.

Ƙorafi biyu

Wani zai ce zamani ya wuce wannan magana. Injunan da ake sa wa kayan wasa na yanzu a like suke, ba a yi su don a buɗe ba, sabo kuma ya fi lokacin gyara araha. Akwai gaskiya a ciki, kuma ladabi na biyar ya riga ya yarda cewa wani abin sai dai a sauya shi. Amma wanda ya san ciki ne kaɗai zai iya yanke wannan hukunci. Wanda bai sani ba zubarwa yake yi bisa tilas. Bugu da ƙari, arahar sabon abu ta dogara ne a kan hanya a buɗe. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan Yulin 2023 ya tuna wa kowa cewa garin da ke da nisan kusan kilomita 2,000 daga teku ba ya rayuwa da jiran sabo.

Wani kuma zai ce yabon gyara dabara ce ta sa talaka ya gamsu da ragowar wasu. Wannan ƙorafi ya fi nauyi, kuma zai tabbata idan gyara ya tsaya ga faci. Amma tarihi ya nuna akasin haka: Davenport maƙeri ne da ya sayi maganaɗisun lantarki ya kwance shi don ya ga yadda aka naɗa shi. Hannun da ya saba buɗe inji shi ne ke kusa da ƙera nasa, kuma shi ne ke iya tambayar mai ƙira tambayar da ba za a kauce mata da daɗin baki ba.

Kammalawa

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu bai fi ƙarfinsu ba. Mataccen kaset ɗaya, da batir, da tsinke, da tsumma sun isa darasin awa guda, inda ɗalibai za su buɗe inji, su ambaci sassansa da Hausa ko da Tamashek, su goge shi, su mayar, su ga ya tashi. Rufewar COMINAK ta sallami kimanin ma'aikata 600, ban da na ƴan kwangila, a cikinsu akwai masu lantarki da makanikai da suka yi shekaru suna wannan aiki. Gayyatar irinsu aji girmamawa ce gare su, ajiya ce kuma ga sanin da zai tafi da su idan ba a karɓa ba. A cikin darasin ya kamata a haɗa da sanin ƙarfen da ba a ɗauka, da dalilin haka, da wanda ake kai wa rahoto. Ƙungiyoyin da ke shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo kuma suna iya buɗe fage ga mai yashe rijiya da mai naɗin waya, domin abin da al'umma ke yabawa shi ƴaƴanta ke sha'awar zama.

Amsar tambayar farko ke nan: kulawa wajibi ce ta ɗabi'a, tana hawa kan mai ƙira ta fuskar bayyana gaskiya, kan mai gyara ta fuskar riƙon amana, kan mai mallaka ta fuskar rashin jinkiri. Yaron da ya koyi ɗaga jirgin da ya cije ya duba, maimakon ya ƙara masa wuta, ya koyi abin da garinsa zai bukata daga gare shi tsawon rayuwarsa, da abin da zai bar wa na bayansa.